Shafi Ukun Da Kika Rubuta A Kan Gwiwata

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko bayan dogon rani, Maman 'yan biyu, matar da na ɓata wa rai ba tare da ta yi mini komai ba.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan ke da 'yan matanmu kuna lafiya. Yau kwana ashirin da uku rabona da muryarki. Na kira ba ki ɗaga ba, na turo saƙo na ga alamar kin karanta, sai shiru. Ban ga laifinki ba ko kaɗan. Shi ya sa na ɗauko biro da takarda, ni da rabona da dogon rubutu tun makaranta, sai dai sa hannu a bayan jesin magoya baya. In kin ga rubutun ya karkace, ki yi haƙuri da shi kamar yadda kika daɗe kina haƙuri da mai shi.

Sabon kulob ɗin nan sun karɓe ni hannu bibbiyu. Sun ba ni lokar ajiye kaya ta ƙarshe kusa da wurin wanka, da jesi mai lamba talatin da shida, shekaruna cif, wai ba da gangan ba ne. Yaran Baba Tsoho suke kirana. Golanmu ya ce hotona na manne a bangon ɗakinsa tun yana firamare, yana faɗa yana washe baki, bai san ya soke ni ba. In za mu shiga mota su bar mini kujerar gaba, in an fito gudu su bar ni a baya. Ɗakin da aka ba ni gado ɗaya ne da kujera biyu, taga tana kallon wurin ajiye motoci. Kujera ta biyun nan ta ishe ni, abar ƙaunata! Kullum na dawo daga atisaye sai ta tsare ni da ido, har na gaji na ɗora mata jaka.

Kin san abin da ya kawo wannan takarda, amma bari in faɗe shi da bakina don kada ki ce na kewaye. Ranar da likitan sabon kulob ya nemi fayil ɗina daga asibitin tsohon kulob, inda kike aikin gashin ƙashi, na roƙe ki ki sassauta. Na yi ta gaya wa kaina ai ban ce ki yi ƙarya ba, cewa kawai na yi ki taƙaita zancen gwiwar hagu a layi ɗaya. Kika dube ni kika ce ba za ki iya ba. Da kwantiragi ya iso, shekara biyun da aka yi mini alkawari ta koma ɗaya, da sharaɗin wasa ɗaya tak a mako. Na same ki a kicin kina yanka albasa, na ce kin sayar da ni, na ce ashe ma'aikaciya na aura ba mata ba. A gaban 'yan biyu na faɗa! Wuƙar kawai kika ajiye. Na ja jakata na fita ko sallama babu, ina jin kaina wani namijin duniya.

Wayyo ni! Wane irin baki ne wannan da Allah ya ba ni, mai saurin da ƙafata ba ta da shi yanzu?

Mai gashin ƙashin kulob ɗin nan wani dattijo ne mai sanƙo, yara suna ce masa Sarkin Ƙanƙara. Ranar farko da ya naɗe mini gwiwa, sai na ga ya fara daga waje zuwa ciki, ya ninka bandejin sau biyu a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, daidai yadda kike yi. Na ce a raina makarantarku ɗaya ke nan. Ran nan kuma bayan atisaye ya tambaye ni jiki, na yi dariya na ce garau nake. Sai ya ce, “Hau gado, Baba Tsoho. An ce in ka yi dariya, ciwon ya kai bakwai cikin goma.” Na ce wa ya ce? Ya jawo durowa ya miƙo mini takarda shafi uku da aka maƙala a bayan fayil ɗina. Tun kafin in karanta na gane rubutun, wannan ƙananan haruffan naki masu jingina da juna kamar tsuntsaye a kan waya.

“Kada a tambaye shi ko yana jin ciwo, zai ce a'a. A sa shi ya sauko daga matakala, a saurari takunsa.” Haka kika rubuta. “In za a ajiye shi a benci, a gaya masa dalili shi kaɗai, ba a gaban yara ba. Yana da zuciya, amma yana jin magana in an bi shi a hankali.” A shafi na ƙarshe kuma: “Gwiwar nan za ta kai shekara uku in an lallaɓa ta, ba za ta kai wata uku ba in an biye masa. Ina so ranar da zai daina ya fita daga fili da ƙafarsa.”

Dattijon ya bari na gama, sannan ya ƙarasa ni. Ya ce da likita ya ga hoton gwiwar, cewa ya yi kada a ɗauke ni sam. Shafi ukun nan aka kai wa koci, ya karanta sau biyu, ya ce in dai akwai wanda ya san ƙafar nan haka, za a iya aiki da ita. Ashe shekara ɗayan da na zage ki a kanta, ke kika samo mini ita. Na duba kwanan watan da ke ƙasa, kwana huɗu kafin in tsaya a kicin ina ɗaga miki murya. Kina da amsa a hannu, hasken raina, me ya sa kika yi shiru? Ko kin san wanda ya hau dokin zuciya irina ba ya jin kira? Na zauna a gadon nan da ƙanƙara a gwiwa, ƙato da ni, hawaye na zuba. Sarkin Ƙanƙara ya juya baya yana ta gyaran kwalaben da ba su buƙatar gyara.

Kin tuna ranar da muka fara haɗuwa, shekara goma sha ɗaya ke nan? Na shigo asibiti ina taƙama, ina so a sa mini hannu in buga wasan ƙarshen mako. Kika ce in taka daga ƙofa zuwa taga. Na taka kamar soja, ke ko ɗago kai ba ki yi daga rubutunki ba, kika ce ƙafar hagu tana ƙarya. Na fita ina ƙunƙuni, na dawo washegari da ciwon da babu shi don kawai in sake ganinki. Tun ranar gaskiya kike gaya mini. Ita na gani na so, ita na aura, sai kuma na wayi gari ina neman ki ajiye ta saboda ni. Ina hankalina ya tafi?

Jiya da safe gwiwar ta tashi da kumburi, ga wasa da yamma. Da a da ne, allurar kashe zafi zan nema in rufe bakina. Sai na je na ƙwanƙwasa ofishin koci na ce yau ba zan iya ba. Shekara goma sha takwas ina ƙwallo, ban taɓa furta wannan kalma ba. Na zauna a benci ina yi wa 'yan bayanmu ihu su rufe gefe, muka tashi ɗaya da ɗaya, kuma sama ba ta faɗo ba. Da aka busa tashi na laluba waya in gaya miki, sannan na tuna ba kya ɗaga kirana.

Ba na roƙonki ki bar aikinki ki biyo ni, ban isa ba. Ba na cewa ki manta, maganar da aka faɗa a gaban 'ya'ya ba ta gogewa da takarda ɗaya. Abin da nake roƙo, farin watana, ki ba ni dama in tsaya a inda na tsaya ranar nan, a gaban yaran da suka ji zagin, su ji ban haƙurin ma. Ina tsoro, wallahi ina tsoro, kada ya zama na tsira da gwiwa na rasa ki.

An ba mu hutun kwana biyu daga Asabar, zan shigo motar safe. Makullin gidan yana cikin jakata, amma ba zan sa shi a ƙofa ba. Ƙwanƙwasawa zan yi in jira. In kin buɗe, na gode wa Allah. In ba ki buɗe ba, zan koma in dawo wata Asabar ɗin.

Naki shi kaɗai, yau da gobe da ranar da ƙafa za ta daina gudu,
mijinki mai nadama,
Baban 'yan biyu.