Awarar Gidan Suruki

Urafane, bayan ɗaurin gero

Zuwa ga maigidana Sirajo, wanda ya gudu ya bar ni ba cefane,

Ina gaida ka da kyau. Ina karatu, ina sanyin ƙasar Japan? Mu nan lahiya lau, gero ya yi, wake ne dai tsutsa ta raba mu da shi.

Da hannuna nake rubuta wagga takarda, da bokon da na koya a lakkwal ɗin manya, makarantar yaƙi da jahilci. Ƙanwarka Munira za ta ɗauke ta hoto da salula ta aika maka. Ba ni son maganar nan da ake turawa ta salula, kafin ta kai gare ka duk matan gidan sun ji.

Na ga hotunan da ka turo daga Kiyoto. An ce mini binciken ƙasar noma gwamnati ta aike ka, amma ni ban ga gona ko ɗaya ba, sai kwanoni. Kuma wane irin kwanoni? Abin da ke ciki ko kazata ba za ta ƙoshi ba. Wancan jan abin da ke kwance bisa shinkafa, Munira ta ce ɗanyen kifi ne. Itace ya ƙare musu ne? Ka faɗa mini gaskiya, a ina kake cin abinci, wa ke dafa maka? Na ga wuyanka ya yi tsawo.

Tun ranar da uwarka ta rasu, kana rarrafe, kwanonmu ɗaya da kai har ka yi gemu. Yanzu in na dama hura sai ta kwana ta yi tsami. Yaushe za ka dawo?

Matarka ta farko,
Tanna

Kiyoto, lokacin da ganyaye suka yi ja

Kaka tsohuwata,

Na samu takardarki, na yi dariya har maƙwabcina ya buga bango. Ina gaida ki, ina gaida Munira da mutanen gida.

Kiyoto tsohon birnin sarakunansu ne, kuma wurin cin abinci ba ya ƙirguwa. Akwai kasuwar Nishiki, doguwa, rufaffiya, ana gasa kifi da ƙwai a tsinke, amma in kin saya a nan bakin rumfar za ki tsaya ki cinye, ba a ci ana tafiya. Da zafi kuma masu abinci kan kafa dakalin katako a bakin kogin Kamo, a ci ana shan iska. Shayinsu kore ne, gari, ana kaɗa shi da ɗan maburgin gora har ya yi kumfa. Wahalata ita ce romon alade da giyar shinkafa da suke zubawa a miya. Na daɗe ina zaune kan burodi.

Sai na samu wani ɗan gida a lungu, bayan wani tsohon ɗakin bauta. Kaka, awara suke yi. Ba a soyawa, a ruwan zafi ake kawo ta cikin tukunyar ƙasa, da ganyen teku a ƙarƙashi. Mai gidan dattijo ne, sana'ar a wurin kakansa ya gada. Ɗiyarsa ce ta gane abin da nake gudu, ta riƙa haɗa mini romo daban ba giya. Can nake ci tun bara.

Sunanta Haruna. Kada ki yi dariya, a nan sunan mata ne. Aure nake nufi, ita ma ta yarda, maganar addini kuma mun daɗe muna yin ta. Ta faɗa wa mahaifinta. Ya ce in zo ranar da ba su buɗewa, zai dafa mini da hannunsa mu zauna da iyalinsa.

Ba ni da kowa a nan da zan tambaya. Yaya zan yi ya san daga gidan mutunci na fito?

Naki,
Sirajo

Urafane, ranar kasuwa

Ɗan nema,

Gaisuwa dai ga ta nan, kaɗan, don ba ka cancanci mai yawa ba. Ka ƙetare teku don ka auro ɗiyar mai awara? Ga Furera nan bakin kasuwa, tata har da yaji da kabeji, kuma ɗiyanta mata duk sun isa. Awara a ruwan zafi kuma, mu nan sai marar lahiya.

Sannan duk sunayen duniya ka rasa wadda za ka ɗauko sai mai sunan kakanka. Ka san bakina bai taɓa kiran sunan nan ba, yana raye ko yana kabari. Na sa mata Mai-sunan-Malam, ta yi haƙuri.

Yanzu ka kasa kunne. Da kana shiga gidan nan baƙo ne kai mai sayen abinci. Daga ranar da aka yi maganar aure, dattijon nan surukinka ne, kuma ɗan mutunci ba ya cin abinci gaban suruki. Ba ya tauna, ba ya haɗiya, ko ruwa sai ya juya baya. Za su matsa maka, haka ake yi, gwada ka suke. Ka sunkuyar da kai ka yi godiya, hannunka na bisa gwiwa.

Kakanka da ƙafa ya zo Attantane neman aurena, cikin bazara. Babana ya sa aka aje masa hura mai sanyi da nono kindirmo, ya zauna yana kallon shi. Ina leƙe ta danga. Malam na zuba gumi, ƙuda na shan hurar, cikinsa na kuka har awaki suka waiwayo. Bai taɓa ludayin ba. Da ya yi sallama, bayan rumbu ya kai ya faɗi, sai da aka yayyafa masa ruwa. Babana ya ce, “Wanga yaro ko yunwa aka yi ba zai ci rabon ɗiyata ba.” Da haka aka ba shi ni, ya sha wuya har ya mutu.

Ka ƙoshi da burodinka kafin ka tahi, don kai ba ka da rumbun faɗuwa.

Uwargidanka,
Tanna

Kiyoto, cikin sanyi

Kaka,

Ina gaida ki. Na yi shiru ne don ban san ta inda zan fara ba.

Na yi yadda kika ce. Ashe tun kafin asuba dattijon ya tashi ya niƙa wake. Ya fito da kwanonin da kakansa ya bari, waɗanda ba a ba masu saye. Muka zauna a tabarma, ni da Haruna da mahaifiyarta, shi yana kawowa ɗaya bayan ɗaya. Ya aje na farko a gabana, ya tsaya. Na sunkuya na yi godiya. Ya jira har tururin ya ɗauke, ya janye, ya kawo na biyu. Haruna ta ce a hankali, “Sirajo, ka ci, babu giya, ni na duba.” Na ce na gode. Na ɗauka gwajin ne. Mahaifiyarta ma ta aje tsinkayen cin abincinta, ba wanda ya ƙara kai komai baki. Haka kwanonin suka yi ta zuwa suna komawa har na ƙarshe. Dattijon ya raka ni ƙofa ya ce ya gode da na ɓata lokacina.

Washegari na yi wa Haruna bayani, har labarin rumbu na ba ta. Ta kai masa. Ya ce ya gane, bai riƙe ni da raini ba. Ya tambaya, “Ranar nan kaɗai ce, ko har abada?” Ba na iya yi masa ƙarya, na ce a wurinmu har abada ne. Ya ce shi ba ya iya zance, ba ya iya wasa da yara, duk wanda yake so abinci yake ba shi. Surukin da zai juya masa baya in zai haɗiya, bai san abin da zai yi da shi ba. Haruna ɗiya ɗaya ce gare shi. Ta ce in ba ta lokaci, daga nan ba ta ƙara ɗaukar kirana ba.

Yanzu a wani gidan taliya nake ci, inda kowa ke fuskantar bango, da katako tsakaninka da na kusa da kai.

Abu ɗaya nake so ki faɗa mini. Da kika rubuta shawarar nan, so kike a ba ni ita, ko so kike in dawo? Wakansin bana, in an ba mu hutu, ba zan zo ba.

Sirajo

Urafane, bayan an kai amfanin gona rumbu

Sirajo,

Ina gaida ka, ko ba ka amsa ba.

Tambayarka ta iso. Ni da ban taɓa wuce Maraɗi ba, ina na san akwai ƙasar da kunya ke zama zagi? Ka tambaye ni yadda ɗan mutunci ke yi, na buɗe abin da ke cikin ɗakina na ba ka. Kai ne mai dipulom, kai ne ka shekara kana cin awarar mutumin kana kallon fuskarsa. Son ka dawo kuwa, ina so, ban taɓa ɓoyewa ba, har kajin gidan nan sun sani. Ka haɗa su yadda ka ga dama.

Abin da ya tsaya mini a rai dattijon ne. Na san yadda ake ji in an dafa an aje, tururi ya ɗauke ba a taɓa ba.

Ka koma. Ka ce masa wata tsohuwa a Urafane, wadda ita ce uwarka ita ce ubanka, ta ɗage maka kunyar nan. Ka ci gabansa, ka tauna ya ji, ka suɗe kwanon kakan nasa, ka nemi ƙari kamar yadda kake yi mini ba kunya ba tsoron Allah. In mutanen garin nan sun ji sun yi surutu, bakina ya fi nasu tsawo. Na san in ya ba ka Mai-sunan-Malam ba za ta bar tsohonta ba, kai ma can za ka zauna. Na yi wannan tunanin kafin in ɗauki biro. Ka koma dai.

Kakarka,
Tanna

Urafane, farkon bazara

Sirajo,

Gaisuwa.

Munira ta ce ka kira ta. Ta ce ka koma, ka faɗi saƙona, dattijon ya rusuna ya zaunar da kai cikin masu saye, ya kawo maka a kwanon kowa, ka cinye tas. Ta ce yarinyar ba ta leƙo daga bayan labule ba. Ta ce kuma ka karɓi aiki a wani gari can, ba ka sa ranar dawowa ba.

Duk wannan a bakin Munira na ji shi, tana tankaɗe.

Wagga ita ce takarda ta ƙarshe a kayen, littafin rubutun da nake yagowa. Ban aika a sayo wani ba. In ka rubuto, zan aika.

Allah shi tsare ka.
Tanna