Kwamfutar da Ke Hawa Saman Kabad

Litinin, 10 ga Fabrairu, 2025
Na gama kwashe tafsirin marigayi Baba na shekara goma sha ɗaya daga kaset zuwa kwamfuta. Yaya Talha na Kumasi yana son sa kafin azumi, ɗalibansa na jira. Ya fi ƙarfin WhatsApp, sai torent, manhajar da zai riƙa saukewa da ita kaɗan-kaɗan daga kwamfutata. Na kafa tsohuwar kwamfutata a falon mahaifiyarmu Iya, a ƙasa kusa da rauta, akwatin intanet. Aikina turawa ne kawai, ba zan iya jin muryar nan ba tukuna.

Laraba, 12
Na saka ribas furoksi, wato mai gadin da zai karɓe ni daga shagona a unguwar Mokola ya miƙa ni ga torent ɗin gida, da kalmar sirri. Ya yi aiki! Sai da na yi wa kaina tafi.

Alhamis, 13
Allo ya nuna kuskure mai lamba 502. Mai gadi na nan, wanda yake gadi ya ɓace.

Asabar, 15
Sau huɗu ina sake rubuta saitin. Na canza lambar ƙofa, na zagi mutanen intanet da ban sani ba. Da safe lafiya, ina isa shago ta mutu. Kashi tara cikin ɗari kawai Yaya ya sauke, kullum sai ya kira: “Injiniya, ina labari?” Haushi kamar in yi kuka.

Talata, 18
Na dawo da azahar ba zato. Ga kwamfuta a saman kabad, an naɗe ta da sallaya, igiyar intanet ta cire tana reto. Iya ko a jikinta. Wai karatun Malam, wato Baba, ne a ciki, abi, ko ba haka ba? “A ƙasa za ki ajiye Alƙur'ani, mutane na tsallakawa?” Da alwala take ɗagawa, kafin la'asar ta mayar don kada in yi fushi. Kwana shida!

Laraba, 19
Na kafa wa kwamfutar kantar katako a bango, na sa igiya doguwa. Iya ta duba tsayin, ta ce, “Oya, maza, ƙara sama.”

Lahadi, 23
Ɗari bisa ɗari. Yaya ya kira, ya ce duka ya sauka. Iya ta ce in kunna ɗaya. Na ce to, don in gwada ingancin sauti. Baba ya yi tarin nan nasa kafin bisimilla. Sautin lafiya lau, tun minti na farko na sani. Mun kai kaset na uku.