Karatun da Na Yi wa Banda

Zariya, 3 ga Maris, 1951

Zuwa ga mahaifina, Malam Yuguda, Gashuwa.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fata kana lafiya, da Inna Meram da ƙannena duka. Yaya ƙafar taka? Gyambon ya yi sauƙi?

Baba, albishirinka! Na ci jarrabawar wata uku a makarantar koyon aikin magani, har na zo na biyu! Da farko dai na ɗan sha wuya, ban faɗa muku ba ne. Malamai huɗu, kowa da nasa: sunayen ƙasusuwa, awon magani, tafasa allura, ɗaurin rauni. Na cika littafi uku da rubutu, amma da an tambaye ni sai in ji kaina fayau. Mutum biyu aka sallama gida, na yi kwanaki abinci ba ya shiga.

Sai na tuna yadda kake yi in ruwa ya janye kifi ya yi yawa: ba ka barin na yau ya kwana, a ranar kake gyara shi ka yi banda. To, kullum bayan la'asar sai in zaɓi abu uku kacal, in rufe littafi, in yi ta yi maka bayaninsu da yarenmu na Badanci kamar kana gabana. Inda na kakare, nan nake komawa in duba. 'Yan ɗakinmu har cewa suke na taɓu!

Don Allah a aiko min da bandar tarwaɗa ta jirgin ƙasan Nguru.

Wankin gyambo kuwa, ya fi sau arba'in ina koya maka shi a nan. Ka rage shiga ruwa, Baba, ka jira ni. Da damina zan zo in wanke maka da hannuna, in Allah ya yarda.

Ɗanka,
Zarami