Zuwa ga Yaya Nasiru, kan tankin da ya fashe a Tarauni

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya.

Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji a makwancinka. Na san wasiƙar nan ba za ta iske ka ba. A fili na rubuta ta don jama'a su karanta, har da waɗanda suka fi son in yi shiru.

Na kammala binciken digirina na biyu, wanda kake tsokanata a kansa. Cewa kake yi, "Rukayya, mutane na karatun likita, ke kin tsaya leƙen cikin ƙarfe." Duk da haka ka sha zama a tsakar gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi kana cin tuwo ina yi maka bayani. Na ce maka ƙarfen da ake kira mara tsatsa, wani sinadari ne mai suna kuromiyam yake kare shi. Idan aka gasa ƙarfen, kamar a wurin walda, ya daɗe bai huce ba, sai sinadarin kabon da ke cikinsa ya janye kuromiyam ɗin, su dunƙule su zama ƙananan gudaji a tsakanin ƙwayoyin ƙarfen. Gefen waldar ya rasa kariya ke nan. Waje yana ƙyalli, ciki ruwa yana ci. Aikina shi ne in koya wa kwamfuta lissafa yaushe gudajin nan za su fito, kuma a ina za su taru.

Shi ya sa da aka yi wa babban tankin kamfanin yogot ɗinku faci, wanda kake dafa madara da tururi a cikinsa, ka kawo min guntun ƙarfen da ya rage ka ce in gwada ilimin nawa. Na auna shi a makaranta. Kabon ya yi masa yawa, bai dace da walda ba, ga shi kullum ana wanke tankin da sinadari mai ci. Na sa komai a lissafi, amsa ɗaya yake ba ni: gefen facin zai ruɓe daga ciki.

Ka je ka faɗa wa Alhaji mai kamfanin. Da dariya ka maimaita min amsarsa don kada in ji zafi: "Ƙarfen da sunansa ma mara tsatsa, shi wata yarinya za ta ce zai yi tsatsa? Ta gama makarantar tukuna." Na je da kaina. Manaja ya ajiye ni a benci har aka yi la'asar, sannan aka ce Alhaji ya fita. Kai kuwa ka ci gaba da aikinka, ga matarka Hadiza da goyo, ga Inna a wuyanka.

Wata rana da hantsi tankin ya tsage, daidai gefen facin. Kai ne a tsaye kusa da shi. Ba zan rubuta yadda na gan ka a asibiti ba, Inna za ta sa a karanta mata wannan. Abin da ka fara tambaya da ka farfaɗo shi ne ko Malam Garba, abokin aikinka, ya samu fita. Ya fita, Yaya. Kai ne ba ka tashi ba.

Alhaji ya zo ta'aziyya da buhunan shinkafa. Ya shigo har wurin Inna ya ce kwana ne ya ƙare, a yi haƙuri. Na yarda da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Amma mutumin da aka gargaɗa, ya ji da kunnensa, ya mayar da abin raha, ba shi ne zai zauna a tabarmarmu yana koya mana tawakkali ba.

Malam Garba ya ɓoyo min ɓallin da ya yage daga tankin. Na sa shi a madubin ƙara girma, sai ga tsagar ta bi layin gudajin nan tiryan-tiryan, yadda kwamfuta ta zana. Na daɗe ina addu'ar lissafina ya dace da zahiri. Ranar da ya dace, kuka na yi a gaban malamina.

Na kai rahoto ofishin da ke duba masana'antu, aka ce za a duba. Kafin su duba an sake buɗe kamfanin, aka tsayar da Malam Garba a gaban tanki na biyu, mai faci irin wancan, daga ƙarfe ɗaya. Sai na je bakin ƙofar lokacin tashi, na tare ma'aikata na nuna musu hotunan. Wasu suka ce ba za su kusanci tankin ba sai an canja shi. Kawu ya zo gida yana faɗa, wai ina jayayya da hukuncin Allah, ina zubar da mutuncin gida a titi. Inna, wadda ka san ba ta ɗaga murya, ta ce masa, "Ku ƙyale ta. Ni na binne nawa, ba na son wata uwar ta binne nata."

Satin da ya wuce babbar mota ta sauke sabon tanki a kamfanin. Alhaji yana gaya wa mutane wai faɗaɗa kasuwanci yake yi. Har yau babu wanda ya buɗe baki ya ce an yi kuskure, kuma ban huce ba. Ashe suna da halin canja shi tun kana raye.

Hadiza ta fita takaba, tana nan tare da mu. Ɗiyarka Amira ta fara tafiya. Idan ta ji ƙarar babur a ƙofar gida sai ta nufi zaure tana tangaɗi, mu bi ta mu ɗauko ta. Kunnuwanka ne da ita sak.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya. Ya sa zafin da ka sha ya zama kaffara, Ya sanyaya kabarinka, Ya raya mana Amira, Ya tsare duk wanda ya fita neman halaliyarsa. Tsakaninmu da wanda ya ji ya ƙi kuwa, Allah Ya isa.

Ƙanwarka,
Rukayya