Ɗaurarren da Ke Sare wa Alƙali Hanya

Daga: Micajah Pruitt, manomi,
Mashigar Beeler, Gundumar Tolliver,
Jihar Indiana.
Litinin, 22 ga Oktoba, 1821.

Zuwa ga: Mai Girma Kanar Absalom Treadway,
Shugaban Majalisar Gundumar Tolliver.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN MAI KULA DA AIKIN HANYA, MISTA ENOCH VARNER, DA BARAZANAR DA AKE YI WA RAN ƊAURARREN DA AKA BA NI AJIYA

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Mai Girma yana cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon a yi mini haƙuri a karanta wannan takarda har ƙarshe. Ni ba mutumin kai ƙara ba ne. Tun da na taso daga Kentucky na zauna a nan ban taɓa taka ƙofar hukuma ba, kuma wanda nake ƙorafi a kansa yayan matata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Daga wannan kaɗai Mai Girma zai gane cewa abin ya kai ni bango. Ga yadda al'amarin yake:

1. A ranar 3 ga Afrilu na wannan shekara, babban ɗan dokan gunduma ya zo ƙofar gidana da wani baƙo mai suna Lemuel Stroud, da mari a ƙafarsa. Ana tuhumarsa da satar goɗiyar Mista Varner. Da yake gundumarmu sabuwa ce, ba a gina gidan yari ba tukuna, sai aka bi abin da aka saba, aka nemi magidancin da bangon ɗakinsa ya fi kauri, abin ya faɗo kaina. An sa na ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki na rantse cewa zan tsare shi, in miƙa shi ga alƙali da ransa. Ɗan dokan ya kafa ƙarfe a gungumen bangona, ya ɗaura sarƙa, ya ba ni mabuɗi, ya ce 'yan kwanaki ne kawai. Daga ranar ban sake ganin ƙeyarsa ba. Ɗaki ɗaya gare mu, ranka ya daɗe, a ciki nake da matata Keziah da 'ya'yanmu mata uku, ga kuma baƙo a kusurwa yana jan sarƙa duk sa'ad da ya juya.

2. Ko ya saci goɗiyar ko bai sata ba, ban sani ba, kuma ba aikina ba ne in sani. Shi ya ce ya tsince ta tana yawo a bakin kogi. Mista Varner ya ce ƙarya yake yi. Abin da na sani shi ne goɗiyar tana gidan Mista Varner tun ranar, ta yi ƙiba, har ta haihu.

3. A watan Mayu Mai Shari'a alƙalin zagaye ya taso don ya yi zama a nan. Dattijo ne, ciwon ƙafa ya hana shi hawan doki, a keken doki yake tafiya. Bai yi nisa a sabuwar hanyarmu ba kututture ya kama cikin keken ya karya shi, ya watsa Mai Shari'a da littattafansa cikin taɓo. Ya koma a kan alfadarin aro, ya aiko cewa ba zai sake tako wannan yanki ba sai an rage kututturai yadda doka ta ce, an kuma shimfiɗa gungumai a fadamar Beeler. Ban ga laifinsa ba.

4. A nan ne ƙorafina yake. Mai Girma ya fi ni sanin cewa kowane namiji mai lafiya yana da kwanakin aikin hanya a wuyansa, kuma Mista Varner ne Majalisa ta naɗa ya kira mu ya tsaya a kanmu. Tun daga Mayu yake yi wa aikin nan ƙafar ungulu. In ya kira mutane, tulun barasa ne ke riga gatari isa wurin. Kafin rana ta take an jingine gatura ana harbin kurege ana kokawa. 'Yan itatuwan da aka sare kuwa, daidai gwiwa ake sare su, wasu har ƙugu, don kada mutum ya wahalar da bayansa da sunkuyawa. Da na yi magana, a gaban jama'a ya ce mini: “Kai suruki, me kake ci na sauri? Tsohon nan in ya zo me zai yi? Bulala zai sa a yi masa a sake shi. Ni kuwa ɓarawon doki igiyar rataya na sani.” Mutane suka yi dariya. Ni ban yi ba, don na gane ba lalaci ne ya hana hanyar nan gamuwa ba. Mutumin da aka ba aikin buɗe wa shari'a hanya shi ne ba ya son ta iso.

5. Da na ga bazara ta wuce babu abin da ya motsa, sai na ɗauki gatarina na fara rage kututturan ni kaɗai bayan na tashi daga gona. Wata safiya Lemuel ya ce mini: “Maigida, gatari biyu gare ka, hannu ɗaya ke aiki. Ni ina nan ina cinye muku burodin masara ina zama kamar kaza a akurki. Ka kai ni, bulalata ce nake nema, ni ya kamata in share mata hanya.” Na yi ta juya maganar a raina. Daga baya na kwance sarƙar daga bango na ɗaura ta a ƙuguna, muka fita tare. Da itace ya kusa danne mu saboda ba mu iya gudu ɓangare ɗaya ba, na cire ta gaba ɗaya. Ban ɓoye wannan ba, kowa ya gani, kuma ban yi nadama ba. Kullum da yamma shi da kansa yake miƙo mini ƙafa in mayar da marin.

Ranka ya daɗe, ina so a lura da wannan. Mutum ya kwashe watanni cikin sauro da taɓo har cinya, zazzaɓi ya kwantar da shi ya tashi ya koma, yana jan gungumai yana jerawa a fadama, duk don alƙali ya iso a tuɓe masa riga a zane shi a gaban mutane. Kogi yana nan kusa, da kwalekwale a ɗaure a baki, bai ko kalle shi ba. Na tambaye shi dalili, ya ce in ya gudu karnuka za a saka masa, kuma ranar babu wanda zai ce an yi ba daidai ba. A yau ina tabbatar wa Mai Girma cewa daga Mashigar Beeler har bakin fadama babu kututturen da ya wuce idon sawu, fadamar kuma saura kaɗan a ƙetare ta. Abin da ya rage aikin mutum goma ne na yini guda, in an bar tulu a gida.

6. Maimakon Mista Varner ya ji kunya, sai ya shiga shafa mini kashin kaji. Ya bi gida gida yana cewa na saki ɓarawo yana yawo da makami, har an daina gaishe ni a ƙofar coci, matan unguwa kuma sun daina zuwa ɗibar wuta wurin Keziah. Da ya ga hanya ta kusa gamuwa, a ranar Lahadi 14 ga wannan wata ya tsaya a shingena bisa doki, bai ko sauka ba, ya ce ranar Asabar 3 ga Nuwamba akwai gayyar ɓare masara a gonarsa, kuma in an gama ɓara za su biyo ta gidana su karɓi baƙona. Keziah ta fito tana cewa, “Haba Yaya, a gaban 'ya'yana za ka yi wannan?” Ya ce mata, “Ke koma ciki, ki gaya wa mijinki ya tafi farauta ran nan.” Ya juya dokinsa ya tafi.

7. Na san yadda gayyar masara take ƙarewa, na sha zuwa. Maza talatin ne za su zo da barasa a cikinsu, kuma babu baƙo a cikinsu. Su ne suka taya ni ɗora gungumen rufin ɗakin nan, da su muka haƙa kabarin ɗana. In na buɗe ƙofa na ba su shi, na ci rantsuwata, na kuma ba da mutumin da ya ci abinci a akushi ɗaya da ni tun Afrilu. In na ƙi, bindiga ɗaya gare ni, kuma wanda zai fara tako dokin ƙofata kawun 'ya'yana ne. Ni ban roƙi a kawo mini ɗaurarre ba, ranka ya daɗe. Hukuma ce ta ajiye shi ta manta, ta bar ni da shi da surukina mu ƙarata. Sau biyu na aika wa ɗan doka, an ce ya tafi sayen gishiri. Raina ya ɓaci, kuma na gaji.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai Girma ya karɓe aikin hanya daga hannun Mista Varner ya ba wani, a kira mutane su ƙarasa fadamar cikin makon nan, a kuma aika wa Mai Shari'a cewa kekensa zai wuce lafiya. In hakan ba zai yiwu kafin 3 ga Nuwamba ba, a turo ɗan doka da mutanensa su ɗauki Lemuel Stroud su kai shi inda akwai gidan yari. In shi ma ya gagara, ina roƙon Mai Girma ya zo da kansa ya zauna a ƙofata ran nan, don suna jin nauyinsa fiye da yadda suke jin nawa. Ba na neman a sake shi. Ina neman a bar shi ya tsaya gaban alƙali ya faɗi nasa, kowane hukunci aka yanke na yarda.

In babu ko ɗaya da ya samu, ina sanar da Mai Girma tun yanzu cewa ba zan tafi farauta ba. Zan kasance a bakin ƙofata.

Jiya Keziah ta ciro farar riga ɗaya tilo da muke da ita a akwati, irin wadda ake sa wa namiji in za a binne shi. Ta wanke, ta goge, ta ninke ta ajiye. Na tambaye ta ta wa ce. Ta ce ba ta sani ba tukuna, amma ta duba, ni da yayanta da Lemuel duk za ta shige mu.

Ina jiran amsar Mai Girma kafin ranar, tare da matuƙar girmamawa.

Mai biyayya gare ka,

Micajah Pruitt
Mashigar Beeler