Mama Ta Dafa Kwakwar Madagaska

Reinaldo,

Na tafi kai Mama asibitin ido a Hialeah. Kana ta minshari, ban tashe ka ba.

Ranka ya daɗe, Sarkin Lambu, ina yi maka ta'aziyya. Ka tuna ƙwayayen irin kwakwar nan hamsin da ka shekara biyu kana jira daga Madagaska? Waɗanda ka ce sai sun kwana uku a ruwa kafin a shuka? Duk tukwanen shukar da ka cika mana gida da su, ba ka ga inda za ka jiƙa su ba sai a tukunyar waken Mama. Sannu da dabara.

Da sassafe ta gan su ƙanana baƙaƙe ƙirin, ta ɗauka baƙin wake ne, ta zuba albasa da tafarnuwa ta ɗora a wuta. Awa biyu suna tafasa, sun ƙi nuna.

Ƙwaya ɗaya ta tsira, na tsinto ta a ƙarƙashin firji. Tana cikin kofin shayinka.

Idan mun dawo, kada ka kuskura ka ɗaga mata murya. Ita ce ma ke fushi. Ta ce, "Odalys, mijin nan naki ko wake bai iya saye ba."

Odalys