Tuktu Ba Su Zo Bana Ba

Zuwa ga Yayata Ovilok,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kin tashi lafiya, ke da Inna da yara. Yaya jikin Baba? Na rubuto ne a takarda saboda a rediyon sansani kowa na jin abin da ake faɗa, har mai dafa mana abinci.

Mun sauka lafiya bakin tafkin. Sauro kam kamar sun yi shekara suna jirana. Aikin dai shi ne wanda kika sani kike yi mini dariya a kai. Fili biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya cikin shingen waya inda dabba ba ta shiga, ɗaya a buɗe. Mu ɗora katakon awo, mu zura tsinke, mu rubuta duk tsiron da ya taɓa da wanda aka gutsura. Sannan mu miƙe igiya, mu bi ta a duƙe muna neman kashin dabbobi.

Ki gaya wa Baba shingayen da ya kafa wa masu binciken nan tun muna yara har yanzu suna tsaye. Amma Yaya, da can daga nesa kike gane ciki da waje, don tuktu, bareyinmu, sun aske na waje ƙwal. Bana na tsaya na rasa bambanci. Tsirran waje sun kai mini gwiwa. Babu wanda ya ci su.

Ƙanwarki,
Ekvana


Ekvana,

Gaisuwa. Muna nan Kugluktuk yadda kika bar mu, sai dai Baba. Ya ƙi komawa asibitin Yellowknife, ya ce ya gaji da kallon rufin ɗaki. Abinci ya daina shiga. Na soya burodi, na kawo busasshen kifi, ya kau da kai. Romon tuktu yake so, kuma babu gidan da ban shiga ba a garin nan, ko ƙashi babu.

Kullum jirgi ya wuce sai ya ce, “Wasiƙar ’yar ƙirga ciyawa ce? Tuktu sun zo?” Ban karanta masa ƙarshen taki ba. Na ce ruwa ya jiƙa wurin.

Ni ce mai juya shi, ni ce mai wanke shi, ke kina can kina rarrafe kina leƙen kashi. Ki taho gida. In ba za ki taho ba, ki rubuta masa cewa kin ga garke ya rufe tudu. Me zai rage ki? Ki bar tsoho ya ji daɗi.

Inna na gaishe ki. Ta ce ki riƙa sa safa biyu.

Yayarki,
Ovilok


Yaya,

Ina gaishe ki da ɗawainiya. Na san nauyin duk a kanki yake, ban da bakin musu.

Ki yi haƙuri ki ji ni. Awon nan a ’yan kwanakin da tsirrai suka cika girma ake yin sa, iri ɗaya da yadda ake yi a Greenland da Norway, don a iya kwatantawa. Abokiyar aikina ta karye a ƙafa an tafi da ita, ni kaɗai na rage da na iya. In na tafi, bana ta faɗi ke nan. Kuma da wannan awon za a tsaya a taron da za a yi kan hanyar motar da ake son yankawa ta inda tuktu suke haihuwa. Saura kaɗan in gama. Jirgi na gaba ina ciki.

Shekaranjiya na ga reshe a gutsure a wajen shinge. Na ɗauka tuktu ne, na durƙusa. Da na duba, yankan a karkace yake, sumul kamar da wuƙa. Zomo ne. Tuktu fizga yake yi, ya bar bakin reshen a tsattsage. Na zauna a wurin na yi kuka har sauro suka ƙoshi.

Na ɗauki biro in rubuta abin da kika ce, na kasa. Mutumin da ya koya mini duba reshe, ba zan iya yi masa ƙarya ba. Ki ce masa ba su zo ba tukuna. Ki ce masa ina tafe.

Taki,
Ekvana


Ekvana,

Kin riga kin ji ta rediyo, amma akwai abin da ba zan faɗa a gaban mutane ba. Hazo ya hana jirgi tashi, mun jira ki iyakar abin da za mu iya, jiya fasto ya yi addu’a muka binne Baba kusa da Kaka.

Wasiƙarki ta same shi da rai. Na zauna bakin gado na fara shirya masa ƙarya, na ce kin ga garke har da ’ya’ya. Ya dube ni ya ce, “Ovilok, idonki ba ya kan takardar. Karanta abin da yarinyar ta rubuta.” Na karanta, har da zancen zomon. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, “A karkace, sumul. To, ta iya.” Can kuma ya ce, “Ashe da gaske sun tafi.” Ya juya fuska bango. Bai ƙara tambayar jirgi ba, kuma bai ƙara wata magana mai tsawo ba.

Ban san ko gaskiyarki ta yi masa daɗi ko ita ta karya shi ba. Na yi ta juya abin. Ina jin haushinki, Ekvana, ba zan ɓoye miki ba. Da ya cika, hannunsa ɗaya na riƙe, Inna ta riƙe ɗayan, kuma sai da ya waiwaya wajen ƙofa.

Inna ba ta barci. Ta hana a taɓa takalmansa.

Yayarki,
Ovilok


Yaya Ovilok,

Ina gaishe ki, ina mana ta’aziyya. Matuƙin ya ce zai kai wannan yau, ya dawo ya kwashe mu jibi da kaya. Na gama awon. Ban san yadda na gama ba.

Shugabar aikin ta tambaye ni ko zan dawo baɗi. Na ce mata sai na tambayi yayata.

Ba sai kin zo filin jirgi ba in ba ki so. Zan tako da ƙafa.

Ƙanwarki,
Ekvana